Ra'ayinmu: A Bar Mai Hutu Ya Huta

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin kamfani ko ƙaramin ofishi a Abuja ya san wannan saƙon, ko dai an taɓa turo masa shi, ko kuma shi ya tura wa wani: "Ka yi haƙuri, na san kana hutu, amma ɗan taimaka mana da abu ɗaya." Ma'aikaci ya cike takardar neman hutu, shugabansa ya sa hannu, ya kama hanyar garinsu, amma kafin motarsu ta wuce Zuba ko Keffi wayarsa ta fara ƙara. Ana neman lambar sirrin shiga asusun kamfani. Ana tambayar inda ya ajiye fayil ɗin wata kwangila. Wani abokin ciniki ya kafe cewa ba zai yi magana da kowa ba sai shi. Kafin mako biyu su cika ya amsa kiran da ba zai iya ƙirgawa ba, ya gyara takardu a wayarsa yana zaune a ɗakin mahaifiyarsa, ya shiga taro ta intanet daga bayan rumfar biki. Ranar da ya koma bakin aiki, littafin ofis na cewa ya huta, amma gajiyar da ya tafi da ita ce ya dawo da ita, har da ƙarin ta hanya.

Yanzu da shekara ke gangarawa, ma'aikata na rige-rigen cinye kwanakin hutunsu kafin su wuce su, wannan jarida na ganin ya dace a tsaya a dubi wannan al'ada da ta zama jiki a wuraren aikinmu. Matsayinmu a bayyane yake. Hutun da ake ci gaba da aiki a cikinsa haƙƙi ne da aka ba ma'aikaci da hannun dama aka karɓe da na hagu. Kuma duk ofishin da ba zai iya tafiya na mako biyu ba tare da wani mutum guda ba, akwai tsaga a gininsa, kuma alhakin toshe ta na wuyan shugabanninsa.

Wani ma'aikacin gwamnatin tarayya na iya cewa wannan matsalar 'yan kamfanoni masu zaman kansu ce, ba ta shafe shi ba. Ta shafe shi. Ma'aikata babba ce idan an hango ta daga waje, amma a cikinta ƙananan sassa ne, kuma a sassa da yawa mutum uku ko huɗu ne ke riƙe da aikin, ɗaya daga cikinsu kaɗai ya iya manhajar da ake aikin da ita. A Majalisar Dokoki ta Ƙasa akwai sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, kowanensu da 'yan hadimansa da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ta yadda kowane ofishi tamkar ƙaramin kamfani ne mai maigida ɗaya. Haka ofisoshin ministoci da masu ba da shawara suke. Ban da wannan, matan ma'aikata da mazajensu da 'ya'yansu da ƙannensu, mafi yawansu a ƙananan kamfanoni suke neman abinci: makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, ofisoshin lauyoyi, kamfanonin shirya tafiye-tafiye da na gine-gine da suka cika benayen Wuse da Garki da Utako. Binciken da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 a Nijeriya, kuma mafi rinjayensu ba su kai ma'aikata goma ba. Idan hutu bai yiwu a irin waɗannan wurare ba, to bai yiwu ga yawancin 'yan ƙasa ba ke nan.

A kan takarda, doka ba ta yi rowa ba. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikacin da ya cika wata goma sha biyu yana aiki ba yankewa hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da cikakken albashi. Sashen ya yarda a ɗage hutun idan ɓangarorin biyu sun amince, amma ba zai wuce wata ashirin da huɗu ba, sannan ya haramta wa mai kamfani ya biya ma'aikacin da ke kan aiki kuɗi a madadin hutun. Wannan haramci na nuna abin da masu dokar suka fahimta, wato hutu ba kayan sayarwa ba ne, jiki ne ke buƙatarsa. Dokokin Aikin Gwamnati kuwa sun fi haka yalwa: kwana 30 ga ma'aikatan da ke matakin albashi na 07 zuwa sama, kwana 21 ga na matakai na 04 zuwa 06, da kwana 14 ga na ƙasa da su. A gyaran da aka yi wa dokokin a 2021 an koma lissafa hutun da ranakun aiki maimakon ranakun kalanda, aka kuma shigo da hutun kwana 14 ga magidancin da matarsa ta haihu. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma, a sashe na 17, ya ɗora wa hukuma manufar tabbatar da yanayin aiki na adalci da mutuntawa, tare da samar da damar shaƙatawa da gudanar da harkokin zamantakewa da na addini da na al'ada.

Giɓin da ke cikin waɗannan dokoki shi ne an gina su a kan zaton cewa wanda ya bar ofis ya bar aiki. Dokar Ƙwadago ta samo asali ne tun shekarun 1970, wayar salula ta GSM kuwa sai a 2001 ta shigo Nijeriya. Kafin nan, idan ana son dawo da ma'aikaci daga hutu, sai an rubuta wasiƙa ko an buga tangaraho ko an tashi ɗan aike takanas, saboda haka babu mai yin hakan sai da dalili mai ƙarfi. Dokokin Aikin Gwamnati sun tanadi yadda ake katse hutun jami'i a hukumance, kuma idan an katse, ragowar kwanakinsa na nan, za a ba shi daga baya. Amma katsewar da waya ke yi babu mai rubuta ta. Awa ɗaya yau, awa biyu gobe, rabin yini jibi, duk sun tafi a iska, babu fayil ɗin da ya nuna su, babu wanda zai biya su. Abin da ya fi sauƙin nema shi aka fi yawan nema, shi ya sa kiran da a da sai babban sakatare ya amince kafin a yi shi, yau kowane abokin aiki na iya yinsa daga kan kujerarsa.

Akwai kuma dubban ma'aikatan da ko wannan ƙaramar kariyar ba ta kai gare su ba. Ma'anar "ma'aikaci" a sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ta cire masu riƙe da ayyukan gudanarwa da na zartarwa da na fasaha da na ƙwararru, wato akantoci da injiniyoyi da lauyoyi da manajoji, waɗanda kuma su ne aka fi damu da kira idan sun tafi. Su, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ne madogararsu, kuma a ƙananan kamfanoni da yawa takardar ba ta wuce shafi ɗaya ba, idan ma an bayar da ita.

Lamarin ya wuce batun jin daɗi, ya taɓa lafiya da rai. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da rahoton haɗin gwiwa da ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne suka mutu a shekarar 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da doguwar awar aiki. Rahoton ya nuna wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako na fuskantar ƙarin haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin haɗarin mutuwa daga ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan an kwatanta shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Tun a 2019 Hukumar Lafiyar ta amince da matsananciyar gajiyar da ke biyo bayan matsin aiki na dogon lokaci a matsayin wata larura da wurin aiki ke haifarwa. Mai karatu da ke fitowa daga Mararaba ko Suleja ko Kubwa tun duku-duku, ya koma gida bayan isha'i saboda cunkoso, ba ya buƙatar kowa ya fassara masa waɗannan alƙaluma. Ya san abokan aikin da hawan jini ya kayar a kan teburinsu. Ba don ado ba ne Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, ta ce hutun shekara kada ya gaza mako uku na aiki, kuma mako biyu daga ciki su kasance a jere ba yankewa. Kwanakin farko na hutu a sauke gajiya suke ƙarewa, kuma kowane kira daga ofis na mayar da zuciya inda ta baro.

Adalci ne mu saurari masu ƙananan kamfanoni, domin ba dukansu ne azzalumai ba, kuma kukansu na da tushe. Babban banki na da akantoci ɗari. Idan ɗaya ya tafi, babu mai lura. Kamfani mai mutum bakwai kuwa akanta ɗaya gare shi. Hukuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa don akantansa na hutu: harajin albashin ma'aikata sai an biya shi kafin ranar 10 ga wata ta wuce, bayanin harajin VAT kafin 21 ga wata, kuɗin fansho cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Idan an buɗe neman kwangila, ranar rufewa ba ta jiran kowa. Lambar tabbatarwa da banki ke turowa wayar mutum ɗaya take zuwa. Ga tsadar man janareto da kuɗin haya da faɗuwar ciniki, ta yadda maganar ɗaukar ƙarin ma'aikaci don ya riƙe wa wani aiki ta zama mafarki. Shi kansa mai kamfanin sau da yawa ya shekara biyar bai kwana uku a jere ba tare da tunanin aiki ba, sai ya ga mene ne abin ƙorafi don an kira yaronsa sau biyu.

Mun ji wannan, amma hujjar da kanta ce ke karya kanta. Idan kamfani ba zai iya jure rashin akantansa na mako biyu ba, alhali an san ranar tafiyarsa tun wata uku da suka wuce, me zai faru ranar da ya kwanta a asibiti ba shiri? Me zai faru idan ya yi haɗari a hanyar Lokoja, ko wayarsa ta faɗa hannun ɓarayi, ko ya samu aiki a ƙasar waje ya ajiye takarda ranar Litinin, kamar yadda ƙwararrun matasanmu ke yi a 'yan shekarun nan? Hutun shekara shi ne gwaji mafi araha da ƙaramin kamfani zai yi wa kansa, domin yana tona duk inda aka rataya aiki a wuyan mutum guda a lokacin da mutumin ke da rai da lafiya, kuma zai dawo ya gyara. Kowane kira da aka yi wa mai hutu alama ce ta wani abu da ba a rubuta ba, ko wani da ba a koya wa ba, ko wani iko da aka ƙi sakin sa. Shugaba mai hangen nesa zai riƙa rubuta dalilin kowane irin wannan kira, ya tabbatar baɗi ba a sake yinsa ba.

Nijeriya ta koyi wannan darasi a mataki mafi girma, kuma da tsada. A ranar 23 ga Nuwamban 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya neman lafiya ba tare da an aika wa Majalisar Dokoki takardar miƙa mulki ga mataimakinsa ba. Ƙasa ta shafe fiye da wata biyu cikin ruɗani, har sai da majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa a ranar 9 ga Fabrairun 2010. Bayan nan aka gyara sashe na 145 na Kundin Tsarin Mulki, ya zama idan shugaba ya tafi hutu ko ya kasa aiki kuma bai aika takardar ba cikin kwana 21, majalisa za ta ɗora mataimakinsa. A 2017 an ga amfanin tsarin, lokacin da Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasa a matsayin muƙaddashi yayin da Shugaba Muhammadu Buhari ke jinya a Landan. Tsarin mulkinmu ya yarda cewa kujerar da ta fi kowace girma a ƙasa tana da mai riƙon ƙwarya. Da wuya a fahimci yadda manajan kamfanin buga takardu, ko shugaban wani sashe a Sakatariyar Tarayya, zai ce tasa kujerar ba ta riƙuwa.

Akwai wata fuskar da masu binciken kuɗi suka daɗe da sani. Bankuna a ƙasashe da dama na tilasta wa ma'aikatan da ke riƙe da kuɗi tafiya hutu na kwanaki a jere, a kuma rufe musu hanyar shiga kwamfutar aiki har su dawo, saboda almundahana na buƙatar mai ita ya kasance a wurin kullum yana rufe sawunsa. A Janairun 2008 bankin Société Générale na Faransa ya yi asarar Yuro biliyan 4.9 ta hannun wani ma'aikacinsa, Jérôme Kerviel, kuma cikin alamun da aka gano an yi sakaci da su har da cewa da kyar yake ɗaukar hutu. Ba muna cewa duk wanda ba ya hutu ɓarawo ba ne. Mafi yawansu bayin Allah ne da aiki ya danne. Abin da muke cewa shi ne, a ma'aikatar gwamnati ko a kamfani, tebur ɗin da ba a taɓa barin wani ya zauna a kansa ba tebur ne da ba a taɓa bincika ba, kuma jami'in da ke amincewa da fitar da kuɗi daga wayarsa alhali yana hutu ya rushe wannan kariya gaba ɗaya.

Sai dai ba shugabanni kaɗai ke da laifi ba, kuma ba za mu yi wa masu karatunmu ƙarya ba. Akwai ma'aikacin da shi ne ba ya son a iya yi ba da shi. Yana ɓoye yadda ake aikin, yana ajiye muhimman takardu a kwamfutarsa ta gida, yana ba abokan hulɗa lambarsa ta kansa maimakon ta ofis, domin a ganinsa ranar da aka gane aiki na tafiya ba shi, ranar ce darajarsa za ta faɗi. A tsakanin hadiman manyan jami'ai abin ya fi tsanani, domin kusanci da oga shi ne jari. Hadimin da ya kashe wayarsa mako guda na tsoron ya dawo ya tarar wani ya gaje gurbinsa a mota da falo. Ko lokacin dogon hutun majalisa, da ke farawa a ƙarshen Yuli ya kai Satumba, hadimai da yawa ba hutawa suke yi ba, mazaɓa suke komawa su ci gaba da karɓar baƙi da ƙorafe-ƙorafe. A ƙasar da aiki ya yi wuya, wannan tsoro ba na banza ba ne. Shi ya sa nasihar "kashe wayarka kawai" ba ta da amfani ga ƙaramin ma'aikaci idan shugabansa bai fito ƙarara ya ce an yarda ba, kuma ya nuna a aikace cewa babu abin da zai biyo baya.

Wasu ƙasashe sun riga sun mayar da lamarin doka. Faransa ce ta yi fice: daga 1 ga Janairun 2017 kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama suka zama wajibi su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin rufe na'urorin aiki bayan an tashi. A Beljiyam, daga Fabrairun 2022 ma'aikatan gwamnatin tarayya suka samu kariya daga kira bayan lokacin aiki, sai dai a lamari na gaggawa da ba zai iya jira ba, daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa kamfanoni masu ma'aikata 20 zuwa sama. A Kenya an gabatar da ƙudiri makamancin wannan a Majalisar Dattawa a 2022. Misalin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Ostareliya. Dokarta ta fara aiki a watan Agustan 2024, kuma ba ta hana shugaba kira ba. Ta dai ba ma'aikaci ikon ƙin duba saƙo ko amsa kira a wajen lokacin aiki, matuƙar ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba, bisa la'akari da dalilin kiran da matsayin ma'aikacin da ko ana biyansa don zaman ko-ta-kwana. Ƙananan kamfanoni masu ƙasa da ma'aikata 15 ba a cire su ba, an dai ba su ƙarin shekara guda su shirya, dokar ta hau kansu a Agustan 2025. Wannan ita ce amsar da ta dace da kukan ƙaramin kamfani: a ba shi lokaci da sassauci, kada a bar ma'aikatansa ba kariya.

Kafin doka ta zo, akwai matakan da ba sa cin ko kwabo. A fitar da jadawalin hutu tun farkon shekara, a kauce wa ranakun da aka san aiki na yin yawa, domin kada mutum biyu da ke maye gurbin juna su tafi lokaci guda. Mako guda kafin tafiya, mai hutu ya rubuta takardar miƙa aiki da ke ɗauke da ayyukan da ke hannu, da ranakun da za su cika, da inda kowace takarda take, da sunan wanda za a tuntuɓa a kowane lamari, sannan ya zauna da mai riƙe masa su bi ta layi-layi. Mai riƙon kuma a ba shi iko na gaskiya; wanda aka ce ya riƙe aiki amma ba zai iya yanke hukunci a kan naira dubu goma ba, dole ne ya riƙa kiran mai hutu. Asusun banki ya kasance da mai sa hannu na biyu. Layin wayar da banki da abokan ciniki suka sani ya zama na kamfani, wanda za a bari a ofis, haka ma adireshin imel. Wannan ma kariya ce ga bayanan jama'a, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni da hukumomi alhakin tsare su, amma suke yawo a wayoyin ma'aikata.

Sai kuma a yi ittifaki tun kafin tafiya a kan mene ne gaggawa. Gobara gaggawa ce, haka umarnin kotu mai wa'adin kwana ɗaya, haka kuɗin da ke shirin salwanta. Rashin sanin inda aka ajiye makullin kabad ba ya cikinsu. A ware mutum ɗaya tak da ke da izinin kiran mai hutu, duk mai tambaya ya bi ta wurinsa, domin rabin tambayoyin za su samu amsa kafin su fita daga ofis. A yarda wa mai hutu ya rufe sanarwar zauren WhatsApp na ofis ko ya fita daga cikinsa har ya dawo, ba tare da an ɗauke shi mai girman kai ba. Idan kuma larura ta sa an sa shi aiki, a rubuta, a mayar masa da ranar. Da zarar kira ya zama yana da farashi, za a ga yawansa ya ragu. Fiye da komai, shugaba ya fara da kansa. Darakta ko mai kamfanin da ke turo umarni daga wurin hutunsa ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya riga ya gaya wa na ƙasa da shi abin da ake tsammani daga gare su, komai kyawun abin da aka rubuta a littafin ƙa'idojin aiki.

Mun san akwai ayyukan da ba sa barci: asibiti, tsaro, kashe gobara, kula da zirga-zirgar jiragen sama. Amma su ne ma suka fi kowa nuna hanya, domin da jadawalin karɓa-karɓa suke tafiya, kowa ya san ranar da yake bakin aiki da ranar da ba a nemansa. Mu ma a ɗakin labarai ba mu tsira daga wannan laifi ba. Sashen Hausa na kowace jarida 'yan mutane kaɗan ne, kuma ba sau ɗaya ba mun tayar da abokin aiki daga hutu don fassarar labarin da, in da mun yi haƙuri, waninsa zai iya. Gyaran da muke nema daga wasu ya hau kanmu.

Saboda haka muna kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da ya fitar da takardar umarni da za ta fayyace cewa sanya jami'in da ke hutu aiki, ta waya ko ta imel, katse hutu ne, kuma sai an bi ƙa'idar katse hutu an mayar masa da kwanakinsa. Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta tabbatar hadiman 'yan majalisa na da jadawalin hutu da ake bi, ba sai yadda maigida ya ga dama ba. Ma'aikatar Ƙwadago da Majalisar Dokoki, a duk lokacin da suka zauna sabunta Dokar Ƙwadago, su ɗaga kwana shidan nan da zamani ya wuce, su faɗaɗa kariyar ta haɗa da ƙwararru, su kuma shigo da 'yancin ƙin amsa kiran aiki a lokacin hutu, tare da ba ƙananan kamfanoni wa'adin shiri. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA, su sanya batun a teburin tattaunawa kusa da batun albashi. SMEDAN kuma ta sanya tsarin miƙa aiki da rabon iko cikin horon da take ba masu ƙananan sana'o'i, domin yana daga cikin abubuwan da ke sa kamfani ya rayu bayan wanda ya kafa shi.

Ga shugaban da ma'aikacinsa zai tafi hutu a wannan wata, roƙonmu ƙarami ne. Ka zauna da shi kafin ya tafi, ka tambaye shi duk abin da kake jin za ka buƙata, ka sa a rubuta. Idan ya tafi kuma hannunka ya kai kan lambarsa, ka tambayi kanka ko abin zai iya jira har ya dawo. Mafi yawan lokuta zai iya.